Gadon Kimiyya da Injiniyanci na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Amfaninsa ga Mutanen Karkara

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi daga birnin Zariya ya kama hanyar Funtuwa, kafin ya kai Shika zai wuce ta garin Samaru da ke Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, inda babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello take. Da yawa daga cikin jama'armu na karkara sukan wuce ta bakin ƙofar wannan jami'a a mota, suna ɗaukar cewa wuri ne na 'yan boko kawai, wanda babu abin da ya haɗa shi da mai fartanya ko mai kiwo. Alhali kuwa wani kaso na irin gyaɗa da masara da wake da dawa da ake shukawa a gonakinmu a nan aka fito da shi, haka kuma da yawa daga cikin injiniyoyi da likitocin dabbobi da malaman gona da ke aiki a ƙananan hukumominmu a nan aka horar da su.

Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan wannan gado na kimiyya da injiniyanci, yadda aka kafa shi, abin da ya haifar, da kuma hanyoyin da manoma da makiyaya da jami'an ƙananan hukumomi za su bi su ci moriyarsa. Abin da muke so a fahimta shi ne, daga gona wannan gado ya faro, kuma ba zai cika amfaninsa ba sai ya koma gona.

Asalin Jami'ar

A shekarar 1959 Gwamnatin Tarayya ta naɗa wani kwamiti a ƙarƙashin jagorancin Eric Ashby domin ya duba bukatun ƙasar nan ta fuskar ilimi mai zurfi. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1960, inda ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa. An buɗe jami'ar ranar 4 ga watan Oktoba na 1962, aka kuma sa mata sunan Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Allah Ya jiƙansa, wanda shi ne uban jami'ar na farko. Ta fara ne da tsangayoyi huɗu, wato ta aikin gona, ta injiniyanci, ta shari'a da ta kimiyya, da sassa 15 da ɗalibai 426. Idan aka lura za a ga cewa uku daga cikin waɗannan tsangayoyi huɗu na kimiyya da fasaha ne, wanda hakan ke nuna inda shugabannin wancan lokaci suka sa gaba.

Jami'ar ba a kan fili fetal aka gina ta ba. Ta gaji wasu cibiyoyi da suka girme ta, waɗanda suka haɗa da tashar binciken aikin gona ta Samaru da aka kafa a 1922, da gonar kiwon dabbobi ta Shika da aka buɗe a 1928, da reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, da kuma Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki da ke Kongo. Ke nan binciken gona a Samaru ya girmi jami'ar kanta da shekara 40.

Shugabannin farko na jami'ar su ma masana kimiyya ne. Na farko shi ne Norman Alexander, masanin kimiyyar fiziks, mutumin ƙasar Niyuzilan. A 1966 Dakta Ishaya Audu, likitan yara haifaffen garin Anchau, ya gaje shi, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan muƙami, ya kuma yi shugabanci har zuwa 1975. Bayansa sai Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi. A shekarar 1975 ne kuma Gwamnatin Tarayya ta karɓi ragamar jami'ar.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru

Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda aka fi sani da IAR, ita ce reshen jami'ar da ya fi kusa da rayuwar manomi. An ɗora mata alhakin inganta amfanin gona irin su dawa, masara, wake, gyaɗa da auduga, kuma tana da tashoshin gwaji a wasu wurare kamar Kadawa da Minjibir a Jihar Kano da Talatar Mafara a Jihar Zamfara. Duk irin da manomi ya ga sunansa ya fara da haruffan SAM a jikin buhu ko leda, to daga Samaru yake. SAMSORG dawa ce, SAMMAZ masara ce, SAMPEA wake ne, SAMNUT gyaɗa ce, SAMCOT kuma auduga.

Tarihin gyaɗa ya isa misali a kan muhimmancin wannan aiki. Dattawanmu suna tunawa da shekarar 1975, lokacin da cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta lalata gonaki kimanin hekta dubu 700 a Arewacin Nijeriya. Wannan annoba ta zo ne a bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, kuma tana daga cikin dalilan da suka sa manoma da yawa suka daina noman gyaɗa, har dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi. Masana na Samaru, tare da haɗin gwiwar takwarorinsu na cibiyoyin ƙasashen duniya, sun shafe shekaru suna aurar da ire-iren gyaɗa har suka samu waɗanda ke jure wa wannan cuta. Daga cikinsu akwai SAMNUT 24 da aka fitar a 2011, wadda ke nuna cikin kimanin wata uku, abin da ya sa ta dace da wuraren da damina ke da gajarta.

Haka nan a ɓangaren masara da dawa an fito da ire-iren da ke jure wa wuta-wuta, wannan ciyawa da ke maƙale wa saiwar shuka tana tsotse abincinta, da kuma waɗanda ke jure wa ƙarancin ruwa. A watan Disamba na 2019 aka amince da fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda ayarin masana a ƙarƙashin Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku ya yi aiki a kansa. An sanya wa wannan wake wata ƙwayar halitta da aka ɗauko daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, wadda ke kashe tsutsar da ke cinye fure da kwanson wake. Manomin da a da yake feshi sau shida zuwa takwas, da wannan iri sau biyu kan wadatar da shi, domin har yanzu akwai sauran ƙwari da irin ba ya maganinsu. A watan Janairu na 2024 kuma aka fitar da ire-iren masara guda huɗu da ake kira TELA, domin yaƙi da tsutsar da ke huda kara da kuma tsutsar nan mai cin ganyen masara da ta shigo ƙasar nan a 2016.

Ya kamata mu sanar da jama'a cewa waɗannan ire-ire na baya-bayan nan da aka sauya wa ƙwayar halitta sun jawo muhawara. Hukumar Tarayya mai kula da irin wannan fasaha ta ba su izini, amma akwai ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane da ke adawa da su. Haƙƙin manomi ne a gaya masa irin da ake sayar masa, a kuma bar shi ya zaɓi abin da zai shuka bayan ya ji bayani.

Darasi Biyu Daga Gonakin Gwaji

Akwai bincike guda biyu da aka yi a Samaru waɗanda muke ganin kowane jami'in gona ya kamata ya san su.

Na farko shi ne gwajin taki da aka fara a 1950, wanda ke cikin gwaje-gwajen ƙasar noma mafi daɗewa a Afirka ta Yamma. An rarraba fili gida-gida, wani ana sa masa takin shanu, wani takin zamani, wani duka biyun, wani kuma ba a sa masa komai, ana kuma auna amfanin da kowane gida ya bayar shekara bayan shekara. Abin da wannan dogon gwaji ya nuna shi ne, ƙasar da ake zuba wa takin zamani shi kaɗai, musamman mai sinadarin nitrojin, takan yi tsami a hankali, ƙarfinta ya riƙa raguwa. Wadda kuwa ake haɗa mata takin gida da na zamani takan daɗe tana bayar da amfani. Wannan na nufin cewa takin turke da na bola da na garken shanu ba abin rainawa ba ne, ko da manomi yana da kuɗin sayen buhun takin zamani.

Na biyu shi ne binciken da wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman ya jagoranta daga tsakiyar shekarun 1960, a ƙauyukan Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi da ke ƙasar Zazzau. A wancan lokaci shawarar da ake bai wa manoma ita ce su daina haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, su riƙa shuka kowanne daban. Da masu binciken suka zauna da manoma suna ƙididdige aikinsu da amfaninsu, sai suka gano cewa manoman suna da hujja. Gonar da aka haɗa shuka takan ba da amfani mai daraja fiye da ta shuka ɗaya idan aka kwatanta da faɗin fili da kuma aikin da aka yi a lokacin noman farko da maimai, lokacin da hannu ke ƙaranci. Bugu da ƙari, idan ruwa ya yi gardama wani amfanin ya lalace, wani zai tsira. Sakamakon wannan bincike ya taimaka wajen sauya tunanin masana aikin gona a ƙasashe da dama, har aka koma ga tsarin fara sauraron manomi kafin a ba shi shawara. Ashe ke nan manoman ƙasar Zazzau su ma suna da hannu a cikin wannan gado.

Kiwo da Lafiyar Dabbobi

Gonar kiwo ta Shika da ke Ƙaramar Hukumar Giwa ita ce ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, wato NAPRI, a 1976. A nan ake bincike a kan shanun Bunaji da yadda za a ƙara musu yawan nono ta hanyar aurar da su da shanun ƙasashen waje, da tumakin 'Yankasa, da jajayen awakin Sakkwato, da kuma ciyawar kiwo da ake shukawa a adana domin rani. Cibiyar ce ta fito da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown, wadda aka zaɓo domin ta dace da yanayinmu.

Har ila yau jami'ar tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi da aka kafa a shekarun 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, tare da asibitin dabbobi na koyarwa. Domin isar da sakamakon bincike ga jama'a kuma akwai cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa, wato NAERLS, wadda ke buga ƙasidu da shirya shirye-shiryen rediyo, ciki har da na Hausa, tana kuma zagaya ƙasa kowace damina domin tantance yadda amfanin gona ya yi.

Injiniyanci da Ƙere-ƙere

Tsangayar injiniyanci ta Zariya tana cikin mafi tsufa a ƙasar nan, domin tun kafin a kafa jami'ar ake koyar da wannan fanni a tsohuwar kwalejin da ta gada. An fara da injiniyancin gine-gine da hanyoyi, da na lantarki, da na injuna, daga baya aka ƙara da na sinadarai, na aikin gona, na albarkatun ruwa da na ƙarafa. Ɗaliban da suka fito daga nan sun yi aiki a ma'aikatun ayyuka da hukumomin ruwa da na lantarki da kamfanonin mai a duk faɗin ƙasar nan.

A sashen injiniyancin gona da kuma sashen ƙere-ƙere na cibiyar Samaru an zana tare da ƙera injunan sussukar dawa da masara, da na ɓare gyaɗa, da kayan aikin da shanu ke ja. An yi su ne ta yadda maƙera da masu walda na gida za su iya kwaikwaya su kuma gyara. A sashen injiniyancin sinadarai an yi bincike mai yawa a kan farar ƙasar Ƙanƙara da ke Jihar Katsina, domin sarrafa ta zuwa sinadarin da matatun mai ke amfani da shi, an kuma ƙera wata ƙaramar matatar mai ta koyarwa mai tace ganga ɗaya a rana.

Daga cikin waɗanda suka yi karatun kimiyya da fasaha a wannan jami'a akwai marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya karanci kimiyyar sinadarai, da kuma Muhammad Namadi Sambo, masanin zanen gine-gine, wanda ya yi gwamnan wannan jiha daga 2007 zuwa 2010 kafin ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa. A ɓangaren lafiya kuwa, asibitin koyarwa na jami'ar da ke Shika shi ne inda ake tura marasa lafiya daga ƙananan asibitocinmu idan ciwo ya fi ƙarfinsu.

Tukunyar Nukiliya ta Bincike

Mutane da yawa ba su san cewa tukunyar nukiliya ta farko a Nijeriya tana Zariya ba. Tana Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta jami'ar, an samo ta daga ƙasar Sin da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, ta kuma fara aiki a 2004. Ƙarama ce ƙwarai, ƙarfinta bai wuce kilowat 30 da 'yan kai ba, kuma ba ta samar da wutar lantarki. Aikinta shi ne tantance abin da ke cikin abubuwa. Akan ɗauki ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi a sanya shi cikin tukunyar na wani ɗan lokaci, sannan a fito da shi a auna irin hasken da yake fitarwa, wanda ido ba ya gani. Kowane sinadari yana da nasa irin hasken, don haka ta wannan hanya ake gane abin da ke cikin samfurin da kuma yawansa, ko da ɗan kaɗan ne. Wannan yana da amfani wajen neman ma'adinai, da sanin abin da ƙasar noma ta rasa, da gano guba a cikin abinci ko muhalli.

A shekarar 2018 aka sauya makamashin tukunyar daga yuraniyom mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari zuwa mai kashi 13 cikin ɗari, wanda ba za a iya haɗa makami da shi ba, aka kuma mayar da tsohon makamashin ƙasar Sin.

Matsalolin da Ke Fuskantar Wannan Gado

Gado idan ba a kula da shi ba yakan lalace. Babbar matsala ita ce tazarar da ke tsakanin gonar gwaji da gonar manomi. Malaman gona sun yi ƙaranci, saboda haka sau da yawa irin da aka fitar shekaru da suka wuce bai kai wasu ƙauyuka ba har yanzu. Wannan giɓi ne miyagun 'yan kasuwa ke amfani da shi, su rina hatsin kasuwa su zuba a leda su sayar da sunan ingantaccen iri. Manomin da aka cuta ta haka yakan yi asarar damina guda, sannan ya daina yarda da duk wani sabon iri.

Akwai kuma matsalar fili da ruwa. Yayin da garuruwan da ke kewaye da Samaru da Shika ke faɗaɗa, filayen gwaji suna shiga matsi, alhali filin da aka shafe shekaru ana tattara bayanai a kansa ba a iya musanya shi da wani. Madatsar ruwa ta Kubanni da jami'ar ke sha daga gare ta tana cikewa da yashi da laka sakamakon zaizayar ƙasa daga gonaki da gine-ginen da ke gefen rafin. Ban da wannan, bincike yana bukatar kuɗi da wutar lantarki da kayan aiki, kuma ƙarancinsu kan sa wasu ƙwararru su nemi aiki a wasu wurare.

Abin da Ake Bukata Daga Jami'ai da Jama'a

Muna kira ga shugabannin sassan aikin gona na ƙananan hukumomi da su ƙulla hulɗa kai tsaye da waɗannan cibiyoyi, su riƙa halartar ranakun baje kolin manoma da ake shiryawa, su kuma ware ƙananan gonakin nuni a gundumominsu inda za a shuka sabon iri kusa da na gida, jama'a su gani da idonsu su yanke hukunci. Kafin a raba taki ko a buɗe sabon filin noman rani, yana da kyau a kai samfurin ƙasa a auna. Haka nan idan ana shakkar ruwan rijiya ko na burtsatse, musamman a wuraren da ake haƙar ma'adinai, a kai shi ɗakin gwaji maimakon a tsaya ga zato.

Ga manoma kuwa, a sayi iri daga dillalan da aka sani, a duba tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa a jikin leda, a kuma karɓi rasit. A tambaya ko masarar mai aure ce ko ba mai aure ba ce, domin mai aure ba a ajiye 'ya'yanta a sake shukawa, amfaninta yakan ragu sosai a shekara ta biyu. Ƙungiyoyin manoma da na makiyaya za su fi samun biyan bukata idan suka tura wakilai da koke ɗaya, fiye da kowa ya je shi kaɗai. Duk wata sabuwar cuta ko ƙwaro da aka gani a gona ko a garke, a gaggauta sanar da malamin gona ko jami'in dabbobi, domin ta haka ne labari ke isa ga masu bincike.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni suna da rawar da za su taka wajen kare filayen gwaji da bakin rafuka, da hana sare itatuwan da ke riƙe ƙasa. Sannan muna tunatar da iyaye cewa ƙofar wannan jami'a a buɗe take ga 'ya'yan karkara, maza da mata. Yaron da ya samu lissafi da Turanci da darussan kimiyya a jarrabawar kammala sakandare zai iya neman gurbi, kuma jami'ar tana da makarantar share fage a Funtuwa da kwalejojin aikin gona a Samaru da Mando ta Kaduna, waɗanda ke ba da takardar difloma. Ƙananan hukumomi za su taimaka ƙwarai idan suka tabbatar da cewa makarantun sakandaren da ke yankunansu suna da malaman kimiyya da kayan gwaji.

Fiye da shekara 100 ke nan da fara binciken gona a Samaru, fiye da shekara 60 kuma da buɗe jami'ar. Waɗanda suka kafa ta sun sauke nauyin da ke kansu, saura namu. Muna roƙon Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.